Takabar Amarya

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara, ya kuma same ni cikin takabar mijina, Malam Habu. Wata biyu ke nan ina zaune a ɗaki ɗaya a gidanmu na Zango, ba kwalli ba turare, ga zafi kamar an kifa wa Damagaram tukunya. Kuran, wutar lantarki, in ta zo da hantsi, kafin azahar ta ɗauke, fanka ta tsaya tana kallona ina kallonta. Abinci kuwa ba ya wuce mini maƙogwaro. In an sha ruwa na kurɓi kunu sau biyu, shi ke nan, na ture kwano.

Autata Rakiya, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko, ita ta kwaso kayanta ta dawo don ta taya ni zama. Cikin kayan har da wani keji na waya, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ban tambaya ba, don ba ni da bakin tambaya. Sai da la'asar, tana tsinke ganyen salak, na ji "kwi-kwi-kwi" daga lungun ɗaki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Shekara talatin da 'yan kai rabona da wannan kuka, tun wancan azumin da shi ma ya faɗo a bazara. Kukan ɓeran Masar ne.

Wanda bai san shi ba kada sunan ya ruɗe shi, ba ɓeran rumbu ba ne. Wani ɗan abu ne kamar zomon da aka manta ba a ja masa kunne ba, ba a sa masa wutsiya ba. Ba ya cizo, ba ya hawa bango, ba ya sata. Aikinsa ci da tsoro.

Shekarar da nake faɗi, damina ta yi mana rowa. Ina aure a Hamdara lokacin, ban haihu ba tukuna. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, iska ta karya shi. Abin da muka yanka bai kai mu sanyi ba. Malam Habu ya ce zai tafi Kano ya nemi aikin ƙarfi, ya kawo ni gidan mahaifina a Zango in zauna kafin ya dawo. Da ma gidan yana bukatar mace, don Inna ta rasu da kaka, zazzaɓin kwana huɗu, ta bar Baba shi kaɗai.

Baba baduku ne, jaka da kube da takalmi, duk Zango an san hannunsa. Na tarar da shi ya rataye basilla, fatu sun bushe a zaure sun murɗe. Mutumin da ke tashi da malmala biyu yanzu sai ya sa hannu a tuwo ya cire. Rigarsa ta yi masa yawa. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, in ka gaishe shi ya amsa da kyau. Cin ne dai ya daina.

Abu ɗaya ya rage yana tashi dominsa, ɓerayen Inna. Wani Bakano, Malam Uba, mai kawo kwanuka da tasoshi kasuwa, shi ke sauka a zaurenmu duk zuwa, shi ya kawo wa Inna su tsaraba. Biyu ne, namiji ja mai farin goshi, da mace baƙa mai rodi-rodi. Inna, Allah Ya jiƙanta, da iya sa suna, ta ce Ango da Amarya. Ta gina musu ɗan akurki na laka a lungun ɗakinta, jikin randa, inda yashin gindin randa ke riƙe sanyi. Ta kifa musu fasasshiyar tukunya su riƙa ɓuya, ta sa tsohuwar rariya a bisa saboda kyanwar maƙwabta. In sun ji motsin ganye sai su fito a guje, Ango gaba Amarya baya, hancinta a gindinsa. Ban taɓa ganin ɗaya ya ci ba tare da ɗayan ba.

Ban yi sati ba na gane dabarar. In Baba ya zauna bakin akurki ya miƙa musu ganye, suna tauna yana kallo, bakinsa shi ma sai ya fara motsi. Daidai nan nake lallaɓowa in ajiye masa kwano kusa da gwiwa, in fice ba magana. In na dawo sai in ga ya yi rabi. In na kai masa zaure kuwa, yadda na kai haka zan ɗauko. To ka ji yadda ran ubana ya koma rataye a bakin wasu 'yan dabbobi biyu, ni kuma na zama baiwarsu.

Da azumi ya kama, liman ya aiko ya ce Baba ya sha ya ciyar, tsufa ya ba shi dama. Baba ya ce a gaishe da liman. Ya ɗauki azuminsa.

Kullum ga yadda rana take. Da an yi asuba in share ɗaki, in kwashe kashinsu da jiƙaƙƙen yashi, in zuba sabo, in yayyafa ruwa. Ruwan nan kuwa, wanda bai zauna Damagaram a wancan zamanin ba ba zai gane ba. Famfon unguwa ɗaya ne, sai ya ga dama yake kawowa, layin garewani da tulu ya kai ƙofar masallaci ya lanƙwasa. Mata su yi faɗa har da cizo a kan wa ya riga wa. Ranar sa'a in samo garwa biyu, a ciki za a sha, a yi alwala, a dafa, a kuma ba yashin ɓeraye moɗa uku. Ina zubawa ina jin haushi. Ni da nake wanka da moɗa biyu.

Da hantsi in tafi kasuwa neman ganye. Su ba sa rayuwa da dusa da hatsi kaɗai kamar kaji, Inna ta gaya wa Baba, Baba ya gaya mini, sai da ɗanye, in ba haka ba ƙafafunsu su kumbura gashi ya zube. To ina ɗanye a wannan shekara? Ciyawa ko ta rantsuwa babu. Sai abin da masu lambu suka zubar, kan karas, ruɓaɓɓen salak, ɓawon guna. Kuma ba ni kaɗai ke tsinta ba. Matan ƙauye sun cika gari, daga Garagumsa, daga can arewa, da goyo a baya, suna tsintar abin da za su dafa. Wata rana hannuna da na wata tsohuwa suka haɗu a kan ganye ɗaya. Ta dube ni, ta dubi zanena mai kyau, ta ce, "'Yata, ke ma?" Na kasa ce mata na dabba ne. Na saki ganyen, na koma gida ina jin kunyar kaina, na hau zogalen maƙwabta na tsinko.

Azahar ba a motsi. Kwalta na narkewa, ƙadangaru sun buɗe baki a jikin katanga, iska in ta taso kamar daga bakin murhu. Kowa ya nemi ƙasa ya kwanta. Ango da Amarya su miƙe a kan yashi, ciki a ƙasa, ƙafafu a baya, suna haki. In jiƙa tsumma in rataya a bisa akurki, kafin in juya ya bushe. La'asar in daka ɗan abin da ke akwai. Gero ya ƙare tun sanyi, sai jar dawar taimako mai ƙaiƙayi a wuya, da anza, 'yar itacen nan ta daji, da nake jiƙawa kwana da kwanaki ina sake mata ruwa don ɗaci ya fita, bai kuma taɓa fita duka ba. Magariba Baba ya sha ruwa a bakin akurki, su ci, ya ci.

Haka muka ja har sha biyu ga wata. Ranar ne na yi abin da har gobe nake jin sa. Tururuwa sun shiga akurki, na ce bari in kwashe yashin duka in sake. Na sa su a kwando na kai gindin bedin tsakar gida, wato dogon yaro, inuwa lumshi. Ina cikin aiki aka yi kururuwa ruwa ya zo, bayan kwana biyu babu ko ɗigo. Na suri garwa na fita, na ce yanzun nan zan dawo. Baba na zaure barci ya ɗauke shi. Layi ya riƙe ni har rana ta take tsaka. Ni da aka haifa a gidan nan, na san inuwar bedin nan tana komawa bayan ɗaki kafin azahar, na sani sarai, amma ƙishin ruwa ya shafe mini shi.

Na tarar da kwando a tsakiyar rana. Ango ya kwanta a gefe, bakinsa jiƙe, ya riga ya sandare. Amarya ta cusa kanta ƙarƙashinsa, da sauran numfashi. Na tsoma tsumma a garwar da na sha wuya a kanta na naɗe ta, na zauna a ƙasa ina kuka da azumi a bakina. Baba ya fito, ya duba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki Ango ya haƙa rami a bayan ɗaki da hannunsa.

Amarya ta farfaɗo, amma ta shige tukunya ta ƙi fitowa. Na kaɗa ganye a bakin akurki, shiru. Na samo mata karas sukutum, wanda mu ba mu ci ba, ta shinshina ta juya baya. Da magariba Baba ya miƙa ganye ya riƙe har hannunsa ya gaji. Na ajiye kwano. Na dawo na ɗauke shi yadda yake, kunu ya yi fata a bisa.

Kwana biyu haka, kwana uku. Na rasa yadda zan yi. Na ɗauko madubin Inna na jingina a akurki ko ta ga wata ta ɗauka ba ita kaɗai ba ce. Baba ya cire shi ya kifa a kan gado.

"Mai takaba ba ta duba madubi, Uwani," in ji shi. Uwani yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce irin tasa ta da. Har na ji daɗi, na ce Baba ya fara dawowa.

A rana ta huɗu Malam Uba ya sauka daga Kano. Na gaishe shi daga bayan ƙyauren zaure na ba shi labari. Ya ce, "Ai kuwa sai an yi sauri. Abin nan ba ya zama shi kaɗai, kaɗaici ke kashe shi tun kafin yunwa. Wani maƙocina a Kano yana kiwonsu, in na juyo zan taho miki da wani." Na ce don Allah ya juyo da wuri. Kwana shida ya yi kafin ya juyo. A kwana shidan nan ina ɗura wa Amarya ruwan ganye da tsinken cokali, tana haɗiya don dole. Baba ba a yi masa ɗura. Dabino ɗaya, ruwa, kurɓi uku, ya ce alhamdu lillahi. Wuyansa ya zama kamar na tulu.

Malam Uba ya dawo da kwando, huɗu a ciki. Ya ce matan uku saƙon wani mushe ne, malamin lakwal a Birni, namijin nawa ne. Na tsuguna na sa hannu. Wata 'yar fara ta hau tafina tana shinshina yatsana, na ture ta gefe na ce, "Ke gafara, ba ke nake nema ba. Wanne ne mijin?" Ya nuna mini wani toka-toka mai ƙiba. Na ɓoye shi a mayafi.

Na jira Baba ya tafi masallaci la'asar, na sa shi a akurki. Ya zagaya, ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, ya leƙa tukunya. Can sai ga hancin Amarya. Ta fito tana tangaɗi, ƙashin bayanta a waje, ta shinshina shi. Na sa ganyen zogale a tsakani. Ya kama ci, ba ruwansa. Ta dube shi, ta dube shi, sai ta ja ganye ɗaya daga bakinsa ta fara tauna. Na ga wannan da idona. Har ta yi ɗan kukan nan, siriri, sau ɗaya. Na ce yau Baba zai ci tuwo.

Ina tsugune na ji sandarsa a ƙofa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki baƙon a hankali, ya miƙo mini.

"Mai da wa Uba abinsa. Ki ce na gode."

"Baba, ta ci fa. Ka ga ta ci."

"Kwana goma da mutuwar mijinta. Ba a shigar wa mai takaba da namiji."

Nan haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, Allah Ya yafe mini. Na ce dabba ce, dabba ba ta da takaba, ko liman a tambaya. Na ce wata huɗu da kwana goma, ko kwana goma ba za ta ƙara ba. Na ce ita za ta mutu, kai ma ka bi ta, ni kuma ku bar ni da wa?

Ya zauna bakin gadon Inna ya bar ni na gama. Ya ce, "Na san dabba ce, Uwani, ban haukace ba. Uwarki ko arba'in ba ta yi ba aka fara yi mini sallama a zaure, wai ga bazawara a Birni, ga wata a Garin Malam, namiji ba ya zama haka. Shekara arba'in da ɗaya muna ɗakin nan. Ku mata an yanka muku kwanaki, ku zauna, ba mai ce muku ku tashi, ranar fita ku yi wanka ku fita. Ni ba wanda ya ba ni ko kwana ɗaya, shi ya sa ban san ranar fita ba." Ya nuna akurki da haɓa. "Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ki bar ta ta yi kewar nata."

Na tsaya da dabba a hannu tana mutsu-mutsu. Na san in na mai da shi Amarya ta tafi. Na san in na bar shi da ƙarfi, na zama ɗaya da masu sallama a zaure, Baba ba zai ƙara zama bakin akurkin ba, kwanon dai ba zai ragu ba. Na juya abin ta kowace fuska ban ga ƙofa ba. Na kai wa Malam Uba namijinsa. Ya girgiza kai ya ce Allah Ya kyauta, washegari ya wuce Birni da kwandonsa, duka huɗun.

Amarya ta yi kwana biyar. Ran ashirin da bakwai da hantsi na ɗaga tukunya na same ta. Baba ya binne ta kusa da Ango. Da magariba ya je ya zauna bakin akurkin da ba kowa, na ajiye kwano don sabo. An yi salla ba mu ɗora tukunyar kirki ba. Na yi masa fura, na yi masa fate, maƙwabta suka aiko da romo, na roƙe shi, na yi fushi, na yi kuka, na kira liman. Kowa ya ce masa ya yi haƙuri, ya ce to. Likitan da muka kai shi wurinsa ya ce bai ga ciwo ba, a ba shi abinci mai kyau.

Ruwan farko ya sauka wata guda bayan salla, da la'asar, da iska da ƙanshin ƙasa. Yara suka fita tsirara, mata suka jera tukwane ƙarƙashin indararo. Baba ya ce in ɗaga masa asabari ya gani. Cikin kwana huɗu ciyawa ta tsiro ko'ina, har a bakin akurki, kore shar, abin da na yi wata uku ina yawon nema. Bai kai ga ganin ta yi tsawo ba. Malam Habu ya dawo shuka ya tarar ana zaman bakwai.

Tun daga nan, duk shekarun nan, in abin ya faɗo mini sai in ce laifin inuwar bedi ne, ko taurin kan Baba, ko ƙaddara, in rufe zancen. Har wannan la'asar ɗin da na ji kukan a ɗakina.

Na ce Rakiya ta jawo kejin in gani. Ta yi mamaki, don tun rasuwar ban nemi ganin komai ba. Ta ɗage tsumman. Biyu ne, sun yi ɓul-ɓul, ta sa musu gorar ruwa mai ƙanƙara naɗe a tsohuwar safa suna jingina da ita. Zamani ke nan, har ɓera ya samu ƙanƙara. Suka kama ganye ɗaya, wannan na ja wannan na ja.

Na ce, "Wanne ne mijin?"

Ta ce, "Ba miji, Mama, duk mata ne. Wanda ya sayar mini ya ce ba aure suke nema ba, abokin zama kawai. Mace da mace ma sun fi zaman lafiya, ba faɗa, ba haihuwa kullum."

Na dubi ɗakin. Ga Rakiya a gefen tabarma. Ga tabarmar ƙanwar Malam Habu da ke kwana nan tun ranar farko. Ga kwanon maƙwabciyata da ke shigowa kullum ta zauna, ba ta ce mini komai, ta dai zauna. Wata biyu ba namijin da ya taka ɗakin nan, kuma ban yi sa'a ɗaya ni kaɗai ba. Na san wannan tun ina yarinya, ni da kaina na taya mata nawa zama. Mai takaba namiji aka hana ta, ba a hana ta 'yar'uwa ba. Da na shigo da mace, Baba ba shi da abin cewa, shi da kansa zai matsa mata wuri. Mata uku a kwandon Malam Uba, ɗaya har ta hau tafin hannuna, na ce mata gafara.

"Mama, lafiya?" in ji Rakiya.

Na ce lafiya lau, hayaƙin murhu ne ya sa ni hawaye. Ba a ma hura wuta ba, ta kuma sani.

Aka kira magariba. Ta zuba musu sauran salak, ta ajiye mini kwanon kunu kusa da gwiwa, ta tashi za ta ba ni wuri. Na kama bakin zanenta na ce ta zauna, ta ɗauko ludayi biyu.